Ƙwan Jiminar da Aka Ce Kwamfuta Ce Ta Sassaƙa

Shekara talatin da ɗaya Mai Haƙori ya yi a ɗakin ƙasa na wani asibiti yana haɗa wa mutane haƙoran roba da na tangaran, kuma cikin duk masu cin nama da aikinsa babu wanda ya san fuskarsa. Likita ne ke auna baki a sama, a sauko masa da awon a cikin 'yar leda, shi kuma ya zauna ƙarƙashin fitila yana goga yana daidaitawa, har haƙorin ya fito yadda ko mai shi sai ya manta na aro ne. In ya yi kyau, likita ake gode wa. In ya matse, a ce na ƙasa ne ya ɓata. Bai taɓa kai ƙorafi ba. Yakan ce ai kyan aikin haƙori kada a gane an yi shi.

Akwai dai aiki ɗaya da yake so a san shi ya yi, kuma a kansa ne aka ci masa mutunci bayan ya tsufa. Aikin kuwa sassaƙar ɓawon ƙwai ne.

Da wasa abin ya faro. Wata safiya aka kawo musu sabuwar na'urar gogar haƙori, irin wadda ake riƙewa kamar alƙalami, bakinta siriri yana juyawa. Yana neman abin da zai gwada kaifinta a kai, sai idonsa ya faɗa kan ɓawon dafaffen ƙwan da ya karya kumallo da shi. Ya ja layi ɗaya, ya ƙara wani, ya ga ɓawon bai fashe ba. Kafin a tashi aiki ya fitar da ganye guda har da jijiyoyinsa. Da asibitin ya sauya kayan aiki bayan wasu shekaru, aka bar masa tsohuwar na'urar, ya kai ta gida ya kafa mata teburi a bakin tagar ɗakinsa. Maiɗakinsa, wadda kowa a gidan ke kira Umma, ita ta raɗa wa na'urar suna zanzaro saboda kukanta, sunan kuma ya bi ta.

Ba aikin mai garaje ba ne. Sai ya ɗaga ƙwai a hasken taga ya duba ko akwai ɓoyayyiyar tsaga. Ya yi masa huda ɗaya a ƙasa, ya zuƙe cikinsa da sirinji, ya ɗauraye, ya kife shi kwana uku ya bushe. Sannan ya zana abin da yake so da fensir, ya ɗaure hancinsa da ƙyalle saboda ƙurar ɓawo, ya kunna zanzaro. Tantanin nan da ke manne a cikin ɓawo ba ya cire shi sai ya gama yanka, domin shi ke riƙe ƙwan kada ya watse. A ƙarshe yake tsoma shi a ruwan bilic, irin na wankin farin kaya, tantanin ya narke. Bayan nan sai aikin da ya fi cin rai: ya naɗa ɗan guntun samfefa a kan tsinken sakace, ya bi kowace kafa da kowane gefe yana gogewa, har ba a ganin inda na'ura ta taɓa. Wannan tarbiyyar ɗakin ƙasa ce, inda aka koya masa cewa gefe mai kaushi yanka harshe yake yi.

Cikin ƙwan kuwa gida ke cinye shi, suna so ko ba sa so.

"Malam, 'ya'yanka fa sun kusa fara cara," in ji Umma. "Kowace mace a layin nan in ta sami ƙwai fasa abinta take a gefen kwano. Ni sai na tsaya da mai a wuta ina jiran a gama yi wa nawa tiyata."

"Ki yi haƙuri, minti biyu."

"Minti biyunka na sani. Shekara ashirin ina cikinsa."

Duk da wannan mita, ita ce ke goge kabad ɗin gilashin da ake jera ƙwayayen, kuma ita ce ke bugun hannun duk baƙon da ya miƙa yatsa wajen. Akwai na kaza, da na agwagwa, da na talotalo. Baƙi sukan duba su ce ma sha Allah, sannan su tambayi Umma inda aka sayo.

Shekarar da ya yi ritaya, mijin Auta, wato autarsa malamar makaranta, ya dawo daga tafiya da wani abu naɗe a bargo. Direban babbar mota ne, ya bi ta wata gona da ake kiwon jimina, ya roƙi ƙwai guda da bai ƙyanƙyashe ba. Mai Haƙori ya karɓa da hannu biyu. Sati biyu ya yi yana juya ƙwan a hasken taga bai ɗora masa fensir ba. Daga baya ya zana masa bishiya ɗaya da ta taso daga ƙasa, rassanta suka zagaye ƙwan suka sarƙe da juna kamar raga, ganye a kan ganye, yadda in an gama sararin zai fi ɓawon yawa.

A wata na bakwai da fara aikin, babban yatsansa na dama ya soma rawa. Da farko ya ɗauka gajiya ce. Da abin ya ƙi tafiya sai Auta ta ja shi wajen likita, likita ya duba, ya ba da magani, ya kuma faɗa masa gaskiya: maganin zai rage, amma hannun ba zai koma yadda yake ba, gaba ma zai yi. Mai Haƙori ya lura cewa da sassafe, bayan ya sha maganin, hannun yakan kwanta kamar rabin awa. Da wannan rabin awar ya ƙarasa ƙwan, kullum ganye ɗaya, wata rana rabin ganye, har wata huɗu. Ranar da ya tsamo shi daga ruwan bilic ya ɗora a taga, rana ta ratsa ta cikinsa ta zuba inuwar ganyaye a bango, Umma ta tsaya a bakin ƙofa da ludayi a hannu, ta daɗe tana kallo. Daga wannan makon ko kofin shayi sai ya tallafe shi da hannu biyu.

Auta ce ta zo da maganar baje kolin. Ana yin sa duk shekara a babban zauren taro na gari, na sana'o'in hannu zalla, kuma aikin da alƙalai suka zaɓa ana sa shi a akwatin gilashi da sunan mai shi a ƙasa, ya zauna wata guda kowa na gani.

"Baba, ka bar ni na cike maka takarda. Wannan ƙwan bai kamata ya ƙare a kabad ɗin Umma ba."

Ya dubi yatsansa. Shi da ya ƙi gasa duk tsawon rayuwarsa, ran nan sai ya ce to. Ya san ba zai sake yin irinsa ba, kuma yana so sau ɗaya dai a rubuta sunansa a ƙarƙashin abin da hannunsa ya yi.

Ranar tantancewa suka je da ƙwan a kwali cike da auduga, da wasu ƙananan guda biyar a kwalin takalmi. Zauren cike da dogayen tebura an lulluɓe su da farin yadi, ga masu saƙa, ga masu aikin fata, ga wani dattijo da kujerun kaba. Alƙalai uku ne ke zagayawa. Babbansu malamin zane ne a wata kwaleji, kowa na ce masa Dakta, yana tafe da gilashin ƙara girma rataye a wuya. Ta biyu mace ce mai littafi, duk abin da Dakta ya faɗa sai ta rubuta. Na ukun tun da ya shigo bai ɗaga kai daga wayarsa ba.

Dakta ya tsaya a gaban ƙwan. Ya sunkuya, ya ɗora gilashinsa, ya zagaya teburin, ya sake sunkuyawa. Mai Haƙori na tsaye ya ɓoye hannun dama a aljihu, kamar yaron da ya kai allo gaban malami. Can Dakta ya miƙe, ya yi wani ɗan murmushi.

"Baba, a ina aka yanka maka wannan?"

"Ranka ya daɗe, ni na yi shi. A ɗakina."

"Baba, mu ma fa mun ɗan yi karatu. Wannan aikin injin nan ne mai yanka da haske, wanda kwamfuta ke sarrafawa. Duba gefen nan, ko ƙarzane ɗaya babu. Hannun mutum ba ya yin haka."

"Gogewa na yi, ranka ya daɗe. Da samfefa a kan tsinke. Injin da kake faɗa ai ƙona gefe yake, ya bar shi ja."

"To, shi ma ana gogewa," in ji Dakta, ya juya wajen mai littafi. "Rubuta: akwai shakku."

Kai jama'a, ƙaramin sani ƙuƙumi ne. Mutumin da bai taɓa huda ko ƙwan tsuntsu ba, shi ne ya tsaya a gaban aikin wata goma sha ɗaya yana yanke hukuncin abin da hannu zai iya da wanda ba zai iya ba. Auta ta buɗe kwalin takalmi ta jera masa ƙananan, ta ce ga na shekara goma, ga na shekara sha biyar, lokacin da ko sunan injin ba a ji ba a unguwarsu. Dakta ya dube su ɗaya bayan ɗaya ya ce ai su ma duk sumul suke, wannan ma ƙara masa shakku ya yi.

"Abu mai sauƙi ne," ya ce. "Duk mai aikin hannu yana da waɗanda suka lalace. Ku kawo mana su. Wanda layi ya karkace, wanda ya tsage, wanda aka fara aka bari. Da su muke gane hannu."

Auta ta juya ta dubi mahaifinta, ita ma ta san amsar. Babu ko ɗaya. Tun ranar da ya fara, duk ƙwan da ya sami kuskure, ko da ganye ɗaya ne ya fi ɗan'uwansa kauri, Mai Haƙori yakan dunƙule shi a tafin hannu ya murƙushe, Umma ta kwashe garin ta zuba a tukwanen furanninta. Ya murƙushe sun fi waɗanda ya ajiye sau goma. A wajensa barin aiki mai aibi a duniya abin kunya ne, kamar ka sa wa mutum karkataccen haƙori ka sallame shi. Hoto ma babu, domin sau nawa Auta na ɗaga waya za ta ɗauke shi yana aiki yana korar ta, wai ba ya yanka ana tsaye a kansa.

"Ba na ajiye su," ya ce a hankali.

"Ka gani ko?" in ji Dakta, kamar wanda ya kama ɓarawo da kaya a hannu.

A nan Auta ta fusata. "Wato laifinsa shi ne ya iya? Da ya kawo muku kwaba sai ku karɓa? Malam, wannan mutumin da kake gani shekara talatin yana..."

"Auta," in ji mahaifinta. "Ya isa."

Dakta ya ce shi ba ya son a ce an zalunci dattijo. Gobe a zo da kayan aiki, Baba ya yanka ƙwai ɗaya a gabansu, gani ya kori ji. Ƙarfe biyu na rana. Mai Haƙori ya roƙi a mai da shi safiya, ko ƙarfe bakwai ne zai zo. Ya ma fitar da hannun daga aljihu ya nuna, abin da bai taɓa yi a gaban baƙo ba, ya ce rashin lafiya ce ta same shi bayan ya kusa gamawa, da safe ne kawai yake samun sa'ida. Dakta ya dubi hannun, ya dubi mai littafi, irin kallon nan na ka ji wata sabuwa. Ya ce da safe suna da zama da masu ɗaukar nauyin taron, kuma ba za a sauya tsari saboda mutum ɗaya ba.

A gida Umma ta ce kada ya koma. "Su riƙe akwatinsu. Ni na ga lokacin da ka yi shi, ƙurarsa ma ni na share. In shaida suke so su zo su tambayi tsintsiyata."

"In ban je ba, maƙaryaci na tashi."

"In ka je fa?"

Ya shiga ɗaki ya zaɓi ƙwan kaza guda cikin waɗanda ya riga ya busar, ya goge zanzaro, ya naɗe wayarta.

Washegari ƙarfe biyu na rana zauren ya ɗauki zafi, fankoki na juya iska mai ɗumi. Aka ba shi teburin roba mai ƙafa ɗaya gajera, mutane suka zagaye shi, har alƙalin nan mai waya ya ɗaga ta yana ɗauka. Mai Haƙori ya zana ganye uku da fensir, layin ma da ƙyar ya tsaya. Ya kunna zanzaro, ya dafe hannun dama da na hagu, ya ɗora. Idonsa ya san inda bakin na'urar zai bi, kansa ya sani, amma yatsan ya ƙi. Ganyen farko ya fito da gefe kamar ɓera ya gaigaye shi. A na biyu na'urar ta zame ta ja ƙarzane har gindin ƙwan. A na uku ɗan ɓawo ya ɓalle ya faɗa ciki. Gumi na ɗiga daga haɓarsa a kan teburin. Ya kashe na'urar, ya ajiye, kunya ta rufe shi har ba ya iya ɗaga ido ya dubi 'yarsa.

Yatsunsa sun fara dunƙulewa a kan ƙwan ke nan, Dakta ya yi wuf ya zare shi daga tafinsa.

"Yauwa! Wannan shi ne hannu!" Ya ɗaga shi sama yana nuna wa jama'a. "Ku duba, kowane layi da ransa. Kuna ganin rawar hannun, kuna ganin wahalar. Wannan shi muke nema, Baba. Me ya kai ka wajen inji, kana da wannan?"

"Ba ni abina," in ji Mai Haƙori. "Wannan ba aiki ba ne. Ɓarna ce."

"Ai ku masu baiwa ba ku san darajar abinku ba," in ji Dakta, ya miƙa wa mai littafi ƙwan, ta naɗe shi a auduga.

Hukuncin da suka yanke, ko a mafarki ba a taɓa jin irinsa ba. Babban ƙwan ba zai shiga ba, domin Baba da kansa ya nuna musu iyakar hannunsa, kuma hannun da ya yi wannan ba shi ya yi wancan ba. Ƙaramin kuwa an karɓe shi, har da yabo na musamman. Auta ta ce su dawo da shi, sun janye. Aka nuna mata takardar da ta sa wa hannu da kanta, inda aka ce duk abin da alƙalai suka zaɓa yana hannun masu taro sai an rufe. Ta yi faɗa har muryarta ta dushe, masu saƙa na ba ta haƙuri. Shi dai ya mai da ƙwan jiminarsa cikin kwali, ya gyara masa auduga, ya rungume shi suka fito.

Kwana uku bai fita ko ƙofar gida ba. Ranar da aka buɗe baje kolin ga jama'a, ya sa kayansa masu kyau, ya ce wa Umma zai ɗan taka. Ta dube shi, ta san inda za shi, ba ta hana shi ba.

Akwatin gilashin na tsakiyar zauren, an haska shi da 'yar fitila. Ga ƙwan nan a kan jan ƙyalle, an ma juya shi yadda ƙarzanen zai fuskanci masu kallo. A ƙasa an buga sunansa cikakke da manyan baƙaƙe, har da na mahaifinsa, ba kuskuren ko harafi ɗaya. Ƙarƙashin sunan an ƙara layi: aikin wani dattijo mai fama da rawar hannu. Wata mata ta tsaya da ƙawarta suna karantawa.

"Allah sarki," ta ce. "Tsoho ya yi ƙoƙari."

"Wallahi kuwa. Da lafiyarsa ƙila da ya iya."

Suka wuce wajen kujerun kaba. Mai Haƙori ya matsa ya ɗora tafinsa a kan gilashin, yana laluben inda murfin yake. An sa masa ɗan kwaɗo. Mai gadin zauren, wani mutum mai sanda a hammata, ya taso da sauri.

"Baba, ba a taɓawa. A kalla da ido."

Ya janye hannun, ya mai da shi aljihu. Mai gadin ya ga yadda tsohon ya ƙura wa takardar ido, ya ɗan sassauta murya.

"Ko ka san mai shi ne, Baba?"

Mai Haƙori ya sake karanta sunan, daga farko har ƙarshe.

"A'a," ya ce. "Ban san shi ba."